Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Dumbledore

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin ƙasar taku? Nan ma hunturu ya fara kankama, ko da yake na san ba a haɗa namu da naku. Mu duka lafiya lau, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta iso, kuma na ji daɗin yadda babban ɗanka ya duƙufa kan littattafan Harry Potter. Amma akwai maganar da ka yi wadda ta hana ni sakat. Ka ce da za ka samo wa yaron malami irin Dumbledore, tsohon nan shugaban makarantar sihirin da Harry ya yi karatu, da ka huta. Ni kam ban yarda ba. Tunda nisa ya hana mu zama mu yi musu kamar da, bari in zuba maka hujjata a takarda. Kada ka bar shi ya karanta wannan tukuna, don zan tona ƙarshen labarin.

Fara da littafin farko, wanda ya fito a 1997. Jariri ɗan shekara ɗaya, an kashe iyayensa, sai tsohon nan ya ajiye shi a bakin ƙofar yayar mahaifiyarsa cikin dare, da 'yar takarda kawai. Ko sallama bai yi ba. Malama McGonagall, wadda ta wuni tana lura da mutanen gidan, ta gaya masa ƙarara cewa ba su cancanci riƙon yaron ba. Bai saurare ta ba. Shekara 10 Harry ya yi a gidan, makwancinsa ɗan lungun ƙarƙashin matakalar bene, tufafinsa kwancen ɗan gida. Na san hujjarsa: jinin uwar yaron da ke jikin yayarta shi ne garkuwar da za ta tsare shi. To, na karɓa. Amma me ya hana mutumin da kowa ke shakkarsa ya leƙa gidan ko sau ɗaya ya ja musu kunne? Maraya ne fa, amana ce a hannunsa. Daga baya da bakinsa ya amsa cewa tun a daren ya san shekarun ƙunci yake jefa yaron ciki.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne littafi na biyar. Dumbledore ya san abin da wata mai duba ta faɗa a gabansa tun kafin a haifi Harry, cewa tsakanin yaron da Voldemort, mugun mai sihirin da ya kashe iyayensa, dole ɗaya ya halaka a hannun ɗaya. Harry ya tambaye shi tun yana ɗan shekara 11 dalilin da ya sa aka nemi kashe shi, ya ce lokaci bai yi ba. Da yaron ya kai 15, a daidai lokacin da jaridu da hukuma ke ƙaryata shi, sai tsohon ya daina ko kallon idonsa, ya kuma haɗa shi karatu da Malam Snape, alhali ya san ba sa ga maciji da juna. Rashin sani ya fi dare duhu. Voldemort ya yaudari yaron da mafarkin ƙarya, Harry ya ruga ma'aikatar sihiri don ceto Sirius, aminin mahaifinsa, kuma a wannan fitar ce Sirius ya rasa ransa. Sai da aka yi rashin sannan Dumbledore ya zaunar da shi ya buɗe masa komai, yana cewa ƙaunarsa ce ta hana shi faɗa. Na gaskata shi, yana ƙaunar yaron. Abin da nake tuhuma shi ne irin ƙaunar da ke yanke wa mutum hukunci ba tare da an tambaye shi ba.

Kuma ba Harry kaɗai ba ne. A na shida Dumbledore ya san an ɗora wa wani ɗalibi, Draco Malfoy, aikin kashe shi, ya bar yaron a makaranta yana ta ƙulle-ƙullensa. Katie Bell ta taɓa sarƙar da aka yi wa asiri ta kusa sheƙawa, Ron ya sha guba. 'Ya'yan mutane ne waɗannan, iyayensu sun kawo su karatu.

Asalin ciwon sai a littafi na bakwai, na 2007, aka bankaɗo shi, kuma a ganina nan ne marubuciyar ta fi nuna gwaninta. Dumbledore yana matashi a ƙauyen Godric's Hollow ya ƙulla abota da wani mai sihiri, Grindelwald, suka riƙa tsara yadda masu sihiri za su mallaki sauran mutane, wai don amfanin kowa. Rigima ta kaure tsakaninsu su biyu da ƙanensa Aberforth, ƙanwarsu Ariana ta mutu a wurin, ba wanda ya san sihirin wa ya same ta. Aberforth ya fasa masa hanci a wurin jana'iza. Shekaru da dama Dumbledore ya yi yana jan ƙafa kafin ya tunkari Grindelwald a 1945, mutane na ta mutuwa, saboda tsoron kada ya ji cewa shi ne ya kashe ƙanwarsa. Tun daga rasuwar yarinyar ya yanke cewa bai dace a ba shi mulki ba, shi ya sa duk lokacin da aka yi masa tayin kujerar minista yake ƙi.

Ga inda nake so ka tsaya ka duba. Kujera ya guda, amma mulkin bai bar hannunsa ba. Ya koma mulkar mutane ta hanyar abin da ya sani su ba su sani ba. Snape ya san wani yanki, Harry ya san wani, McGonagall kusan ba ta san komai ba, shi kaɗai ke riƙe da cikakken zance. Minista ko banza yana da masu tuhumarsa, shi kuwa wa zai tambaye shi? Duk wanda ya ɗaga murya sai a ce masa ai Dumbledore ya san abin da yake yi. Aberforth ne kaɗai ya faɗi gaskiya ba kwana-kwana, cewa yayansa tun a gaban mahaifiyarsu ya koyi rufa-rufa. Har Snape, da duk taurin zuciyarsa, sai da ya razana ranar da ya gano cewa akwai gutsuren ran Voldemort a jikin yaron kuma dole ya miƙa wuya a kashe shi. Ya ce ashe kiwonsa ake yi don yanka. Masu kare tsohon za su ce ai ya yi hasashen yaron zai tsira, tunda Voldemort ya ɗebi jininsa a littafi na huɗu. Haka ne, amma hasashe ne, kuma da ran ɗan wani aka yi shi.

Kwatanta shi da Gandalf, tsohon mai sihiri a littattafan Tolkien. Shi ma yana da nasa kurakuran: shekara 17 ta wuce kafin ya tabbatar da ko wane zobe ne a hannun Frodo, ya kuma amince da Saruman har ya faɗa tarkonsa. Amma ranar da ya tabbatar, zama ya yi da Frodo a gidansa ya warware masa tarihin zoben da haɗarinsa, sannan ya bar masa zaɓi. Wannan kam zan iya ba shi ɗana.

Kada ka ɗauka ina ƙin Dumbledore. Wurin da ya sa zoben nan mai asiri a yatsansa, duk da iliminsa, don kawai yana begen ganin iyayensa da Ariana ya nemi gafararsu, har hannunsa ya ƙone ya yi baƙi, wallahi ya taɓa mini zuciya. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne saurin yafiyar Harry, har ya raɗa wa ɗansa sunan Albus, wato sunan Dumbledore. Da an bar shi ya ɗan jima da fushinsa, da labarin ya fi kama da gaskiya.

Idan yaron ya gama na bakwai, tambaye shi ko shi zai yafe, ka rubuto mini amsarsa yadda ya faɗe ta. Ka gaishe mini da uwargida da sauran yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka