Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga 'yan ƙungiyarmu ta masu jirgin fito, Mai Wurno, ƙasar Sudan

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa.

Tarukan wata-wata an yi su, in ban da na watan azumi.

Rumfar fasinjoji da aka ce za a kafa a mashiga ba ta tashi ba, kuma na ji ana ta maganganu a kasuwa. To, ga dalili. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 fam yake faɗuwa, dizal da baƙin mai kuma suna hawa, kuɗin fito kuwa kun hana a ƙara, wai don tausayin talaka. Madalla, amma da me za a sayi kwano da katako? Abin da ya shigo asusu injin ya cinye. Rigunan ceto ma kaɗan muka iya ƙarawa, na yara kuwa har yau babu.

Sai kuɗin wata. Ma'aji ya bi gida-gida har ƙafarsa ta gaji. An ce babu tsabar kuɗi, muka ce a turo ta Bankak, manhajar banki ta waya; aka koma cewa babu sabis. Amma ranar rabon riba kowa wayarsa na aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne miƙa aiki tsakanin masu safe da masu yamma. Dokar ba sabuwa ba ce: kafin ka sauka ka kwarfe ruwan cikin jirgi, ka duba baƙin mai, ka cire ragar masunta ko leda in ta naɗe farfela, ka rubuta man da ya rage a littafi, sannan ka damƙa makulli hannu da hannu. Wasu sai su ɗaure igiya sakwa-sakwa su yi gaba. Ga shi tun da Habasha ta fara tara ruwa a madatsarta da ke saman kogin nan namu na Blue Nile a 2020, kogin ba ya bin lissafin da muka gada. Ka kwana da ruwa a gaɓa, ka wayi gari jirgi na zaune cikin laka. Haka masu safe suka taɓa ɓata hantsi guda suna turi, mata masu kai kayan lambu kasuwar Sinnar na tsaye suna kallo.

Amma gayyar da muka yi kafin damina, wannan kam sai godiya ga Allah. Bayan sallar asuba aka shimfiɗa itatuwa, samari suka kama igiya, Sarkin Ruwa na ba da waƙa ana amsawa, har aka jawo jirgin kan tudu. Aka kankare tsatsa, mai walda ya toshe inda ke yoyo bai karɓi ko sisi ba, aka shafa fenti, aka sauke injin aka wanke matatar mai. Wani dattijo da ya daina tuƙi tuntuni ya ɗora kunne a jikin injin, ya ce a canza bel, aka duba kuwa ya kusa tsinkewa. Iyayenmu mata suka kawo godogodo, mahauta suka aiko da agashe. Albarkacin wannan aiki muka ratsa cikar kogi ta Agusta da Satumba injin bai mutu mana a tsakiyar ruwa ba. Waɗanda suka iso lokacin cin nama kaɗai, mun gan ku.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake bi kuɗin wata uku ba za a sa shi a jerin tuƙi ba sai ya biya. Taro na gaba Juma'ar farko ta Janairu, bayan la'asar, a mashiga. Kowa ya zo da katinsa.

Sakataren ƙungiya