Ka Faɗa wa Inna Teku Tana da Ƙasa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Saƙonka ya same ni ran da muka dawo tashar Lisbon ta ƙasar Portugal, shirun da kuka ji muna tsakiyar ruwa ne, babu sabis. Wanda ya kai mata labarin wai jirginmu ya nutse, Allah ya shirye shi. Ka ce tana ta kuka, wai teku ba ta da ƙasa, ko gawata ba za a gani ba. To ka zaunar da ita ka karanta mata wannan a hankali.

Inna, teku tana da ƙasa, auna ta ma shi ne aikin jirginmu. Akwai na'ura a ƙarƙashin jirgin mai sakin ƙara ta jira amsa-kuwwa. Ƙara tana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, in ta yi daƙiƙa 6 kafin ta je ta dawo, zurfin wajen mita 4,500 ke nan. Ni nawa jan igiya ne da wanke-wanken kayan aiki, amma in dare ya yi nakan leƙa ɗakin kwamfutoci, ina kallon ƙasan tana fitowa a allo layi-layi.

Da mun bar gaɓa ruwan bai cika wuce mita 200 ba. Can sai ƙasa ta yanke, ta yi gangara mai tsanani, ta sauka a wani fili shimfiɗaɗɗe kamar an share shi. Laka ce ta yi miliyoyin shekaru tana kwanciya har ta rufe kowane tudu da rami. A tsakiyar Atlantika kuwa sai ga duwatsu sun miƙe, jere guda daga arewa har kudu, da tsaga a tsakiyarsu. Ta wannan tsagar narkakken dutse yake ɓullowa, ruwa ya daskarar da shi ya zama sabuwar ƙasa, ɓangarorin biyu kuma suna ta ja da baya, santimita 2 zuwa 5 a shekara. Wani injiniya ya kama yatsana ya ce min kamar tsiron farcen nan ne. Da wannan tafiyar hawainiya aka raba Afirka da Amurka ta Kudu, da can a manne suke. Tsibiran Azores da muka tsaya shan mai, kawunan duwatsun aman wuta ne da suka leƙo saman ruwa.

A tekun Fasifik kuma tsohuwar ƙasa ce take nutsewa ƙarƙashin wata, shi ya haifar da ramin Mariyana, zurfinsa kusan mita 11,000. Wannan kar ka karanta mata, mu ba ma zuwa can.

Yanzu maganar kuɗi. Abin da na turo, rabi na maganin Inna ne, sauran na rajistar jarrabawar Auta. Kar a taɓa na Auta, Yaya. Na ji Kawu ya soma zarya, ka ba shi haƙuri, wancan ma bai dawo da shi ba. An kuma ce min Auta yana fashin makaranta. Ka faɗa masa masu zama gaban kwamfutocin nan da shayinsu a hannu karatu ne ya zaunar da su, ni ina waje ruwan sanyi yana dukana.

Lafiyata ƙalau. Amai ya daina, hannun da igiya ta yanka ya warke, ba wani abu ba ne. Shekara uku ban ga fuskar Inna ba, kai ka ɗauki jinyarta kai kaɗai, na sani, ka yafe min.

Ka biya rajistar da hannunka, ka turo min hoton rasit kafin mu sake fita ran Litinin.

Ƙaninka.