Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Yawan Faɗuwar Masu Ƙafar Roba

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, mu talakawanka ne masu amfani da ƙafar roba a wannan gunduma. A cikinmu akwai wanda hatsarin babur ya raba da ƙafarsa, akwai wanda ciwon sukari ya ci, akwai kuma wanda ɗori ya ruɓe masa har aka yanke. Abin da ya kawo mu gabanka shi ne yawan faɗuwa, kuma mun san wuraren da muke faɗuwar ɗaya bayan ɗaya.

Ƙafar roba ba ta jin ƙasa. Mai ƙafa lafiyayya idan ya taka santsi, tafinsa zai gaya masa ya tsaya. Mu kuwa sai dai mu tsinci kanmu a ƙasa. Wurin da ya fi ba mu tsoro shi ne wurin alwala a masallatanmu: tayil mai sheƙi, ruwa kwance, babu ko ƙarfen dafawa. A daminar bara wani dattijo cikinmu ya zame a nan, dungulminsa ya fashe, ya yi wata biyu bai iya sa ƙafar ba. Mutumin da ya saba da sahun farko, yau a ɗaki yake salla. Wallahi wannan ya fi mana ciwo a kan raunin.

Sai kwatocin da ke buɗe a lunguna, waɗanda ake ɗora wa falankin katako. Wanda aka yanke wa sama da gwiwa, da zarar katakon ya motsa, gwiwar robar ta lanƙwashe ke nan.

Ranka ya daɗe, dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashiginsu, wa'adin kuwa ya cika tun 2024. Amma mun san maganarka ɗaya ga dagatai da masu unguwanni da kwamitocin masallatai za ta fi saurin aiki. Muna roƙon a kafa ƙarfen dafawa da dakalin zama a wuraren alwala, a sa daɓe mai kaushi, a kuma rufe kwatocin da murfin siminti.

Akwai kuma maganar ƙafar kanta. Dungulmi yana ramewa, ƙafar ta yi wa mutum yawa, ya riƙa cusa safa da tsumma yana tafiya tana girgiɗi, saboda ba shi da kuɗin motar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a daidaita masa. Muna roƙon ka kai wannan kuka ga ƙaramar hukuma, ko mota ɗaya ce a wata a ware mana.

A shirye muke mu zagaya da wakilinka mu nuna masa wuraren duk ranar da ka sa. Allah ya ja zamaninka.

Talakawanka masu biyayya,
Masu amfani da ƙafar roba na wannan gunduma