Jan hankali kan man ƙananan jirage da sauka a filayen da ba su da hasumiya

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin masu ƙananan jirage, da ɗaliban tuƙi, da jama'ar da ke maƙwabtaka da filayen sauka na karkara.

A filin jirgi na Yakubu Gowon da ke Heipang akwai hasumiya, akwai mai ce wa matuƙi ya sauka ko ya dakata. Amma a ƙaramin fili na ƙasa ko tsakuwa babu mai ba da umarni. Idon matuƙi da rediyonsa da man da ke tankinsa su ne gatansa, kuma man ne ya fi damunmu.

Ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172 na shan lita 30 zuwa 38 a awa. Kada a dogara da allurar geji, a hau fiffike, a buɗe murfi, a tsoma sandar awo. A kula da ma'auni kuma: littafin jirgin da galan na Amurka yake lissafi, lita 3.8 ke nan, alhali mai zuba mai da lita ya saba. Ka ce masa talatin kana nufin galan, ya zuba lita talatin, ka tashi da kusan rubu'in abin da kake zato.

Sai a tatsi mai daga ƙasan kowane tanki a kofi mai garai-garai, a ɗaga shi ga haske. Man 100LL, wato man ƙananan jirage masu injin fistin, shuɗi ne. Ruwa ya fi shi nauyi, za a gan shi ya kwanta a gindin kofin kamar ƙananan duwatsun wuya. In kofin ya fito fari tas, to ba tsabta ba ce: ko ruwa ne zalla, ko an zuba Jet A-1, man jiragen jet, wanda dangin kananzir ne, yana kuma iya kashe injin fistin jim kaɗan bayan tashi. A ɗiga a farar takarda, 100LL zai bushe ba tabo, Jet A-1 zai bar maiƙo. Gangar da aka bari a tsaye da damina ruwa na taruwa a kanta ya tsatsa ta murfi, don haka a kwantar da ita. Sanyin daren Jos ma na sa raɓa ta taru a tankin da aka bari rabi.

Akwai kuma injin da ke mutuwa da mai a jirgi. Ƙaramin jirgi samfurin Piper Cherokee tanki ɗaya take sha a lokaci guda, hagu ko dama, in ba a juya makunnin duk rabin awa ba ɗaya zai ƙafe ɗaya na cike. Jos kuwa ta haura ƙafa 4,000 daga teku, ranar da zafi ya kai digiri 30 injin ji yake kamar yana ƙafa 7,000. Dole a rage yawan man da ke gauraya da iska yadda littafin jirgin ya ce, in ba haka ba ƙarfi ya ragu, mai ya tafi a banza.

Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ga mai tuƙi da gani ita ce ya sauka da ragowar man minti 30 da rana, 45 da dare. A ganinmu da hunturu wannan ya yi kaɗan, a bar na awa guda. Hazo na iya rufe fili, kuma ba ko'ina ake samun 100LL ba.

Ga inda mai ya haɗu da zirga-zirga. Matuƙin da mansa ya yi ƙasa ba ya son sake zagaye. Shi ne zai yanke layi ya shiga gaban wani, shi ne zai ga shanu a bakin titin jirgi ya ce bari dai ya gwada. Mai wadataccen mai kuwa zai sanar a rediyo tun yana mil 10, ya faɗi sunan fili da tsayinsa da niyyarsa, ya kunna fitilar sauka, ya bi ta saman filin ya duba jakar iska mai nuna inda iska ke kaɗawa, da dabbobi da yara da 'yan acaɓa, sannan ya shiga zagaye a ƙafa 1,000 sama da ƙasa yana juyawa hagu, sai in filin na da wani tsari. Ya sake sanarwa a kowace kwana. Shirun rediyo ba ya nufin babu kowa, wani na iya kasancewa a wata tashar daban. Mafi haɗari shi ne jirgi mai fiffike a ƙasa ya sauko ta kan mai fiffike a sama daf da titi, domin babu mai ganin ɗan'uwansa. Wanda ke ƙasa shi ke da hanya, na sama ya ƙara wuta ya sake zagayowa.

Muna kira ga hukumomin sufurin jiragen sama na Najeriya, NCAA da NAMA, su tabbatar kowane ƙaramin fili na da sanannar tashar rediyo da jakar iska mai aiki. Masu unguwanni kuma, don Allah, a hana kiwo da shanyar hatsi da koyon babur a kan titin jirgi.

Daga wasu matuƙa da injiniyoyin ƙananan jirage, Jos.