A kai hasashen damina ga manomi kafin ya binne iri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin hukumomi kan hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara. Rahoton yakan fayyace lokacin saukar ruwa da na ɗaukewarsa a kowace jiha, da yankunan da ruwa zai yi yawa ko ya yi ƙaranci, har da kwanakin da ake sa ran zai tsaya a tsakiyar damina. Wannan bayani na ƙarshe shi ya fi muhimmanci a ganina, domin manomin da ya shuka gero a ruwan farko, ruwa ya ɗauke masa mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, sai ya sake sayen iri da kuɗin da ba shi da su.

Abin takaici, rahoton yakan tsaya a ɗakunan taro na Abuja, alhali kuwa ambaliyar 2022 da ta kashe mutane fiye da 600, da ta Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, sun nuna cewa gargaɗi bai isa inda ake bukatarsa da wuri.

Ya kamata gwamnatocin jihohi su riƙa yaɗa shi a gidajen rediyo da harshen jama'a, su damƙa shi ga malaman gona da dagatai, su kuma ƙara ma'aunan ruwan sama a ƙananan hukumomi domin hasashen ya ƙara inganci.

Mai karatu daga Dutse, jihar Jigawa.