Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaye mu asalin PUBG da Free Fire

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye mu a bainar jama'a ko gaskiya ne wasannin da ɗalibanka ke bugawa a waya sun samo asali daga wani fim ɗin Japan da aka haramta a duniya. Asalin gaskiya ne, amma batun haramcin an yi masa ƙarin gishiri.

Fim ɗin shi ne Battle Royale, wanda darakta Kinji Fukasaku ya fitar a watan Disamba na 2000, daga littafin Koushun Takami na 1999. A Japan hukumar tace finafinai ta hana 'yan ƙasa da shekara 15 kallonsa, an kuma yi ce-ce-ku-ce a kansa a majalisar dokoki, amma an haska shi a silima ya kuma yi kasuwa. Amurka ba ta taɓa haramta shi ba. Harbin da aka yi a makarantar Columbine ta Amurka a 1999 bai daɗe ba a lokacin, sai fim ɗin ya yi shekara goma da 'yan kai kafin ya shiga kasuwarta a hukumance. Jamus ce ta kai ga ƙwace shi a 2013, daga baya ta janye.

Ƙa'idojin labarin su ne abin da aka gada, don haka ga su. Gwamnati ta kwashi ɗalibai 42 'yan kimanin shekara 15 ta kai su tsibiri, ta ba su kwana uku su kashe juna har a bar mutum ɗaya. Kowa an ba shi jaka mai abinci, ruwa, taswira, kamfas, tocila da makamin da rabonsa ya kai shi gare shi: wani bindiga, wani murfin tukunya. A wuyan kowa akwai ƙarfe mai fashewa. Kowane awa shida ana sanar da sunayen matattu da wuraren da aka hana shiga, wanda ya tsaya a can ƙarfen ya tashi da shi.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan tsarin. In babu ita, kowa zai sami rami ya laɓe, wasa ya mutu. Ita ce Brendan Greene, ɗan Ireland, ya mayar da'ira mai tsukewa tun yana yi wa wani wasan yaƙi na kwamfuta mai suna ARMA 2 kwaskwarima a 2013, har ta kai shi ga PUBG a 2017 mai 'yan wasa 100. A shekarar Fortnite ya bi sahu, haka Free Fire, wanda ya rage su zuwa 50 da zagaye na kusan minti goma don ƙananan wayoyi su ɗauka. Da'irar ma sai an auna ta: ta yi sauri, ita za ta kashe mutane ba abokan hamayya ba, ta yi jinkiri, tsakiyar wasa ya zama yawo.

A finafinai, daraktan Amurka Tarantino ya ɗauko 'yar wasa Chiaki Kuriyama daga Battle Royale ya sa ta a fim ɗinsa Kill Bill. Marubuciyar The Hunger Games kuwa, littafin da labarinsa ya yi kama da wannan, ta ce ba ta san da Battle Royale ba lokacin da take rubutu, kuma ba mu ga dalilin ƙaryata ta ba.

Sai dai, Malam, wasannin sun ɗauki ƙa'ida sun bar ciwon. A waya baƙi kake harbi, kai ka shiga da ƙafarka, ka mutu ka sake dannawa. A fim ɗin 'yan aji ɗaya ne da suka san juna, manya ne suka tilasta musu, tsohon malaminsu ne ke karanta sunayen matattu. Fukasaku yana shekara 15 a 1945 yana aiki a masana'antar makamai aka yi musu ruwan wuta, shi da 'yan ajinsa suka kwashe gawarwaki, daga nan ya daina yarda da manya.

In za ka tattauna wannan da ɗalibanka, ba su labarin da baki, ka tambaye su wa ya kafa ƙa'idar a tsibirin. Kada ka kunna musu fim ɗin, jinin da ke cikinsa ya fi ƙarfin shekarunsu.

Wassalam.