Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Haƙori da Suka Ceto Mini Dasashi

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Likita da duk ma'aikatan da ke aiki tare da ita a asibitin haƙorin da nake zuwa. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin abin da kuka yi mini ya wuce wankin haƙori, kuma na san akwai masu irin matsalata da yawa da ba su san ciwo ne ke damunsu ba.

Na zo muku da ƙorafi biyu: jini duk lokacin da na goge baki, da warin baki da ya ƙi tafiya. Ba a rubuta mini magani an sallame ni ba. Likita ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai alamun awo, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana auna zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi, ma'aikaciyar jinya tana rubutawa. Ta ce a bakin da yake lafiya zurfin bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, daga 4 zuwa sama kuwa alama ce ta cewa ciwon ya fara cin ƙasa. Wasu turamena sun zarce haka. Sannan aka ɗauki hoton muƙamuƙi, aka nuna mini inda ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa.

A nan ne na fi yaba muku, don Likita ba ta ɓoye mini komai ba. Ta bayyana cewa ciwon dasashi hawa biyu ne. Na farko kumburi ne kawai: dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini, kuma wannan yana warkewa sarai idan aka tsaftace bakin. Na biyu shi ne wanda ya kai ga ƙashi, kuma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo, abin da ake yi shi ne a tsayar da ɓarnar inda ta kai. Ta kwatanta shi da turken da ƙasa ke zaizayewa a gindinsa: turken lafiyarsa lau, amma wata rana zai fara girgiɗi. Shi ya sa mutum zai rasa haƙorin da ko kogo babu a jikinsa. Mugun halin ciwon kuma shi ne yawanci ba ya zafi sai ya yi nisa.

Tushensa, kamar yadda kuka koya mini, wata dauɗa ce mai yauƙi cike da ƙwayoyin cuta da ke taruwa a gindin haƙori kullum. Idan ba a cire ta ba, cikin 'yan kwanaki sai ta daskare ta yi tauri, kuma daga nan buroshi ba ya iya fitar da ita, sai na'urar asibiti. Akwai kuma abubuwan da ke ƙara rura wutar: shan taba, juna biyu, gado, magungunan da ke busar da baki, da wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya da ke sa dasashi ya yi girma. Na taba ya ba ni mamaki, domin tana matse jijiyoyin jini, sai mai shanta ya ga dasashinsa ba ya jini ya ɗauka lafiya yake.

Ni ciwon sukari nake da shi, kuma ku ne kuka fara tambayata yadda sukarina yake kafin ku taɓa mini baki. Ashe cututtukan biyu taimakon juna suke yi: sukari idan ya hau sai dasashi ya kasa yaƙar ƙwayoyin cuta, kumburin dasashi kuma ya sa sukarin ya yi wuyar sauka. Har takarda kuka ba ni in kai wa likitan da ke duba ni. Ba kowane wuri ake wannan ɗawainiyar ba.

Maganin kansa bai kai yadda nake tsoro ba. An yi mini allurar kashe zafi, aka kankare daskararriyar dauɗar har ƙarƙashin dasashi, aka goge saiwar haƙoran ta yi sumul. An ba ni ruwan kurkure baki na ɗan lokaci, tare da gargaɗin kada in zarce da shi domin yana rina haƙori. An kuma faɗa mini tun da wuri cewa haƙoran za su ɗan yi zugi idan na sha ruwan sanyi, saboda haka da abin ya zo ban firgita ba.

Godiya ta musamman ga Sista, wadda ta riƙe madubi ta sa na goge baki a gabanta. Ta gyara mini riƙon buroshi, ta ce mai laushi ake so, a karkata shi wajen gindin haƙori, a goge a hankali na minti 2, safe da dare, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a kuma canza buroshin bayan wata 3. Ta nuna mini yadda ake amfani da zaren sakace ba tare da an yanka dasashi ba. Ta ce idan na ga jini kada in daina goge wurin, nan ne ma ya fi buƙata. Haƙurinta ya kai a faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutane sama da biliyan 1 ne ke fama da matsanancin ciwon dasashi. Saboda haka duk wanda ya ga jini, ko dasashinsa ya janye har haƙori ya yi tsawo, ko mugunya, ko giɓi ya buɗe inda da babu, ya je a auna shi.

Jinin ya tsaya, warin ya tafi, kuma a awon baya ramukan sun ragu. Roƙona ɗaya gare ku: saƙon tunin da kuke aiko mana ta waya idan lokacin dawowa ya yi, don Allah kada ku daina.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Ɗaya daga cikin majinyatanku